Gadonmu Yana Ɗingishi, Maigida Ya Ce Zai Aro Zarto

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Kafinta, da fatan kana lafiya, ya aiki. Wata huɗu ke nan da muka koma wani ɗakin haya, kuma tun ranar da aka ɗaura mana gado ban sake barci mai daɗi ba. Gadon katako ne, faɗinsa santimita 150, tsawonsa 200, ƙafa huɗu a kusurwoyi da ɗaya a tsakiya. Shekara shida muna kwana a kansa a tsohon ɗakinmu, ko gezau bai taɓa yi ba. Yanzu kuwa in na zauna a gefen dama ta wajen ƙafa sai ya duƙa, in na tashi ya koma da ƙara, ƙwas! Na ninke kwali na cusa a ƙarƙashin ƙafar, ya yi kamar kwana goma lafiya, sannan abin ya dawo, har da sabon kuka, ƙii-ƙii, duk lokacin da mutum ya juya. Maigidana ya ce ranar da ba ya zuwa aiki zai aro zarto ya rage ƙafar da ta fi tsawo. Ni dai hankalina bai kwanta da wannan shawara ba. Me ka gani, Baba?

Daga 'yarka mai bin wannan shafi.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin komai, ki ce wa maigida Baba yana gaishe shi, kuma yana roƙon arziki ya bar zarton nan a hannun mai shi. Ai kin riga kin ba da amsar da bakinki: shekara shida gado yana zaune lafiya a ɗaki guda, ranar da ya canza ɗaki ya fara ɗingishi. Ƙafar katako ba ta yin tsiro a cikin motar kaya. Daɓen sabon ɗakin ne ba lebur ba, kuma duk wanda ya sa wa ƙafar nan zarto ya bar jaki yana dukan taiki.

Ba da ka nake wannan magana ba, na taɓa yi. Ina yaro wajen koyon sana'a, ubangidana ya bar mini wani gado in ƙarasa. Na ɗaura shi a tsakiyar rumfar aikinmu, na ga yana rawa, na ɗauki zarto na rage ƙafa ɗaya. Rawar ta koma ɗaya ɓangaren. Na rage ta biyu. Kafin ya dawo na taɓa ƙafa uku, gado ya zauna daram, ina ta jin kaina. Da ya zo bai ce mini uffan ba, sai ya ce in kama mu matsar da shi taku biyu. Muna ajiyewa ya shiga tangal-tangal fiye da dā. Ashe ramin da ke daɓen rumfar na yi ta yi wa gadon ɗinki a kai. Ƙafafu huɗu sababbi na fafe a makon nan, kuma ni na ɗauki asarar katakon. Ku da kuke haya ma abin ya fi muni, don ranar da kuka sake tashi, gadon da aka yanke domin wannan ɗaki zai zama gurgu a kowane ɗaki na duniya.

Bari in gaya miki yadda rawar take, don in kin gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Kujera mai ƙafa uku ba ta taɓa rawa, ko a kan tsakuwa kika ajiye ta. Tana iya karkata, amma ba ta rawa. Shi ya sa masu awon fili da masu ɗaukar hoto suke ɗora na'urorinsu a kan ƙafa uku. Ƙafa ta huɗu ce mai kawo fitina, domin uku sun riga sun yanke hukuncin yadda abin zai zauna, ita kuma ko dai ta sami ƙasa daidai inda ta sauka ko ta tsaya a iska. Saboda haka gado mai ƙafa huɗu kullum a kan ƙafa biyu masu kallon juna ta kusurwa yake lilo. Ke kin ce ta dama ta wajen ƙafa ce ke duƙawa. To abokiyar wasanta ita ce ta hagu ta wajen kai: in ɗaya ta sauka ɗayar ta ɗaga. Sauran biyun su ne a dafe, ba ruwansu, kada a sa musu komai.

Kukan da ya biyo baya kuwa ɗan wannan rawar ne. Kowane dare nauyin mutum biyu yana murɗa firam ɗin don ƙafar da ke iska ta kai ƙasa, da safe ya sake. Wata huɗu ana wannan murɗa da saki, dole notuna su yi sako-sako, katako ya fara gogar ɗan'uwansa. Mutane da yawa suna jin ƙii-ƙii sai su ɗauko sifana su ɗaure noti, su sami sauƙin mako biyu, abin ya dawo, su ce kafinta ya cuce su. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Sai an gyara zaman ƙafa ɗaurin noti yake daɗewa.

To ga aikin, kuma na mutum biyu ne, tunda maigida ya riga ya ware rana. Ku sauke katifa, ku kwashe falankan da take kwanciya a kai, ya rage firam tsirara. Da katifa a kai ba za ku ga gaskiya ba, nauyinta yana danne ƙafar ya ɓoye giɓin. Sai ki kama allon kan gadon ki tura ki ja a hankali, shi kuma ya durƙusa yana kallon ƙafafu. In sama tana kaɗawa alhali ƙafafu huɗu suna manne da ƙasa, mahaɗai ne suka saki. In gadon gaba ɗaya yana tafiya kamar abu guda, ƙafa ɗaya tana ɗagawa, ƙasa ce. Naku, bisa abin da kika faɗa, za ku tarar da duka biyun.

Daga nan ku fara da ƙafar tsakiyar nan, wadda kowa ke mantawa da ita don tana cikin duhu. Ku kwance ta ku ajiye gefe, ku sake gwadawa. Na sha zuwa gidan da ake zargin ƙafar kusurwa, ashe tudu ne a tsakiyar ɗakin, ƙafar tsakiya ta hau kansa, gadon ya zama lilon yara. In kun cire ta rawar ta ɓace, kun kama ɓarawon. In ba ta ɓace ba, ku bar ta a ajiye tukuna, ita ce ta ƙarshe da za a mayar.

Akwai gyaran da ba ya cin komai, a gwada shi kafin a nemi wani. Ku ja gadon ya bar bango da kamar yatsa uku, ko ku gusar da shi dama ko hagu kaɗan. Gindin bango ne inda daɓe ya fi yawan tudu, domin nan ne siminti ke taruwa, nan ne kuma hannun mai daɓe bai cika kai wa da kyau ba. In ɗakin tayil ne, ku duba ko ƙafar ta faɗa kan layin da ke tsakanin tayil biyu, ko rabinta tana kan wanda ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo. Sau da yawa gusawar santimita biyar ta isa. Masana lissafi ma sun tabbatar cewa tebur mai ƙafa huɗu daidai-wa-daida, in dai ƙasar ba mai matakala ko gangara mai tsanani ba ce, in kana juya shi a inda yake za ka kai wurin da duk ƙafafun za su taɓa ƙasa. Sai dai gado ba tebur ba ne, ba wanda zai kwana a karkace tsakiyar ɗaki don ya faranta wa masu lissafi rai.

In gusawa ba ta yi ba, ku tsayar da shawarar inda gadon zai zauna, ku zagaye kowace ƙafa da fensir ko alli a ƙasa. Wannan alamar tana da muhimmanci, domin awon da za ku yi na wannan wurin ne kaɗai. Ranar da aka ja gadon don shara, a mayar da shi cikin zanensa.

Yanzu sai awo, kuma a nan ne nake so ki daina ƙiyasi da ido. Maigida ya danne kusurwar hagu ta wajen kai har ƙafarta ta dafe ƙasa sosai, ya riƙe. Ƙafar dama ta wajen ƙafa za ta ɗaga iya ɗagawarta. Ki tattaro tsofaffin katunan roba, irin na ATM ko na shaida da aka daina amfani da su, ki riƙa zura su ɗaya bisa ɗaya a ƙarƙashinta har sai na ƙarshe ya shiga da ƙyar. Kaurin irin wannan kati milimita 0.76 ne, wanda ba shi da lambobi masu tudu nake nufi. Kati huɗu ke nan milimita 3, kati takwas milimita 6. In babu kati, takardar rubutu ta ofis ma ta yi: goma a haɗe kusan milimita 1 ne. Za ki yi mamakin ƙanƙantar abin da ke hana ki barci. Giɓin milimita 3 ko 4 ya isa ya sa gado ya yi wannan ƙwas ɗin da kike ji.

Da kin san kaurin, zaɓi biyu gare ki. Ko a sa cikon duka a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ko a raba shi biyu, rabi a wannan, rabi a abokiyar wasanta ta can kusurwa. Duka biyun suna kashe rawa. Abin da zai raba gardama shi ne lebur. Ku ɗora ma'aunin lebur, mai ɗan kumfa a cikin ruwa, a kan katakon wajen kai, sannan a kan na wajen ƙafa. Wanda ya nuna karkata, a ɗaga ƙafarsa da ta yi ƙasa. In ba ku da ma'aunin, wayoyin hannu da yawa suna da manhajar da ke wannan aiki, ko kuma kwalbar ruwa mai gefe a miƙe a cika ta saura kaɗan, a kwantar a kan katakon, a ga inda kumfar ta gudu. Kumfa kullum sama take gudu, wato ɓangaren da ta baro shi ne mai neman ciko. Ni in giɓin bai kai milimita 5 ba, ƙafa ɗaya nake sa wa in huta. In ya wuce, ina rabawa, don ciko siriri biyu sun fi kauri guda zama.

Kwalin da kika sa ba laifinki ba ne, kowa da shi yake farawa. Amma kwali iska ce a naɗe cikin takarda. Nauyi yana matse shi yau da gobe, ranar da aka goge ɗaki ya sha ruwa ya zama dusa, in ma ba a yi sa'a ba ya riƙe danshi a gindin ƙafar har katakon ya fara baƙi. Kwana goman da ya yi miki ma ya yi ƙoƙari. Tsumma, soso da silifas ɗin soso duk 'yan gida ɗaya ne da shi. Abin da ake so shi ne wanda ba ya matsuwa, ba ya shan ruwa, ba ya zamewa. Ga ƙaramin giɓi, milimita 1 zuwa 3, roba mai tauri ta fi komai, irin ta tsohon tif na mota ko ta tafin takalmi, ko ma katunan da kika yi awo da su a manne su da gam. Daga nan zuwa kamar santimita ɗaya da rabi, a yanko katako mai tauri ko filawud daidai kaurin da aka auna, a manna masa roba siririya a ƙasa don kada ya gudu a kan tayil. In za a sa robar, a cire kaurinta daga na katakon, kada a manta.

Sharaɗi guda da ba na sassautawa: cikon ya zama faɗin tafin ƙafar gaba ɗaya. Weji ɗaya, wato ciko mai siririn baki da kaurin gindi, da aka cusa ta gefe yana ɗora nauyin duka a kan leɓen ƙafar, ya riƙa tura ta gefe, kuma da kaɗan-kaɗan yake zamewa ya fito. In weji ne a hannu, irin na roba da ake sayarwa domin wannan aiki, a sa biyu suna fuskantar juna, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, siririn bakin kowanne a kan kaurin ɗan'uwansa. Haka samansu zai zama a shimfiɗe, kuma ana iya ƙara tsawo ko ragewa da ɗan bugu. In an sami daidai, a ɗiga gam tsakaninsu, a yanke abin da ya leƙo waje, don babban yatsan ƙafa ya san hanyar samun irin wannan da tsakar dare.

A jikin ƙafar gadon ake manna ciko, ba a ƙasa ba. Tunda haya kuke, a yi amfani da salatif mai manne fuska biyu ko ɗigon gam kaɗan, yadda ranar tashi wuƙa za ta ɓanɓare shi. In maigida ya fi son ƙusa, ya nutsar da kanta cikin cikon sosai. Kan ƙusa da ya leƙo yana zana tayil, kuma nauyin gado a kan wuri ɗan mitsitsi haka yana iya tsaga shi.

Idan kuma maigida hannunsa na ƙaiƙayi, lallai sai ya yi aikin da za a gani, to ga wanda ya fi zarto. Akwai ƙafafun daidaitawa da ake sayarwa: noti ne mai zare, da faffaɗan tafi na roba a ƙasansa, da wani gida na ƙarfe mai haƙora da ake bugawa cikin ƙafar gadon. A huda tsakiyar ƙafar a miƙe, zurfin ya ɗan wuce tsawon notin, a buga gidan, a murɗa notin ciki. Mai lamba M8 duk zagaye ɗaya yana tafiyar milimita 1.25, mai lamba M10 kuwa milimita 1.5. Kin ga in giɓinku milimita 5 ne, zagaye huɗu na M8 ya rufe shi cif. Ga gadon manya na fi son M10, kuma a sayi mai ƙarin noti na kullewa, wanda ake ɗaurewa sama bayan an gama saiti, in ba haka ba motsin gado yana warware shi sannu a hankali. A sa wa ƙafafu duka, har ta tsakiya, kada a bar zaren ya fito da yawa, don gwargwadon fitowarsa gwargwadon rauninsa. Ƙafar da ta yi siriri kuwa, ƙasa da kamar santimita 4, ban yarda a huda ta ba, tsagewa za ta yi. Amfanin wannan ga mai yawan tashi a bayyane yake: kowane ɗaki kuka je, minti biyar da sifana an gama.

Bayan ƙafafu huɗu sun zauna, sai a koma kan kukan. Ku sassauta duk notunan kusurwa da rabin zagaye, don firam ɗin ya saki murɗewar da ya saba da ita. Ku ɗauki tef ku auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ku auna ɗaya gicciyen. Gado mai 150 da 200 in yana kan daidai gicciyensa santimita 250 ne. Naku zai iya ɗan bambanta gwargwadon inda kuka ɗora bakin tef, ba komai, abin nema shi ne awon biyu su zo ɗaya. In ɗaya ya fi tsawo, a tura kusurwarsa ciki a hankali har su haɗu. Sannan a ɗaure, amma ba a gama da noti ɗaya a wuce na gaba ba. A bi su zagaye-zagaye, kowanne kaɗan, sau biyu ko uku. In kan notin ya nutse cikin katako, a sa masa washa mai faɗi. A tsaya da zarar ya kama. Ƙarfin tsiya yana murƙushe katakon da ke ƙarƙashin notin, bayan wata guda ya fi dā saki.

Za ku iya cin karo da sukurun da ke juyawa ba ya kamawa, ramin ya cinye. Ku zare shi, ku tsoma tsinken ashana uku ko huɗu a gam ɗin katako, a karye kawunan, ku cika ramin, ku bar shi ya kwana, gobe ku mayar da sukurun. Wannan na ƙananan wurare ne. In mahaɗin da ke riƙe dogon katakon gefe ne ya tsage, ashana ba ta da abin cewa, a kira kafinta ya sa masa ƙarfen kusurwa ko ya canza katakon. Inda falanki ke gogar firam kuwa a goga kyandir ko busasshen sabulu. Kada a sa mai a katako, yana shiga ciki ya yi tabo, ya tara ƙura, gam ma ba zai ƙara kamawa a wurin ba.

Bayan ɗauri ku sake gwada ƙafafun da kati ɗaya, don wani lokaci giɓin yana canzawa kaɗan in firam ya miƙe. Sai ƙafar tsakiya. Ita aikinta tallafi ne, ba ɗaga gado ba. Ta taɓa ƙasa kawai, yadda takarda ba za ta wuce ƙarƙashinta ba, amma ba ta ɗauke nauyi daga na kusurwa ba. In ta yi gajarta a cika ta kamar sauran. In tudu ne a wurin, a fara gwada gusar da ita gaba ko baya a jikin katakon tsakiya. In hakan bai yiwu ba, to ita kaɗai ce na yarda a rage, domin guntun katako ce da ake kwancewa, ko ma a ajiye ta asali a yanko wata domin wannan ɗakin. Ga inda maigida zai huce haushinsa da zarto. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire ta a bar gado haka. Mai faɗin 150 ba ya rayuwa ba ita, tsakiyarsa zai lotsa, katifa ta bi shi.

Ku mayar da falankai da katifa, ki zauna a kowace kusurwa, ki kwanta ki juya. Bayan mako biyu a sake bin notunan da sifana. Katako yana kumbura in iska ta yi danshi, yana tsukewa in ta bushe, a faɗinsa da kaurinsa, ba a tsawonsa ba, don haka noti da ya kama a lokacin ruwa yakan saki in iska ta bushe. Sau biyu a shekara ya isa. Ki rubuto ki gaya mini kati nawa suka shiga.

TAMBAYA

Baba, nawa gadon ba ya rawa ko kaɗan, amma kullum na farka sai in tarar na gangaro gefen bango. Matsala ɗaya ce da ta masu ɗingishi?

Daga wani ɗanka.

AMSA

Ba ɗaya ba ce, ɗana. Ɗakin da ya gangara a shimfiɗe, ba tudu ba rami, yana karɓar ƙafa huɗu lafiya lau, sai dai ya karkatar da gadon duka. Amma kafin ka zargi ɗakin, juya katifar, kai ya koma ƙafa. In gangarar ta bi ta ta koma ɗaya gefen, katifa ce ta lotsa. Ka kuma leƙa ƙasa ko wani falanki ya karye. In duk lafiya, ɗora lebur a kan firam, ka ɗaga gefen da ya yi ƙasa har kumfa ta zo tsakiya, ka auna, ka sa ciko mai kauri ɗaya a ƙafafu biyu na wannan gefen, ta tsakiya kuma ta sami rabin wannan kaurin. Gangara daga kai zuwa ƙafa, in ba ta wuce santimita 1 a tsawon mita 2 ba, ni ba na damuwa da ita, muddin kai ne a sama. Ta gefe zuwa gefe ce jiki ke saurin ji.

TAMBAYA

Malam, gadon ƙarfe ne da ni a kan tayil. Yana rawa, yana kuma zamewa da ƙara mai tsaga kunne, har ya fara zana ƙasa.

Daga wata 'yar'uwa.

AMSA

'Yar'uwa, kifar da shi ki duba tafin ƙafafun. Ƙafar gadon ƙarfe bututu ce, kuma kowace tana da murfin roba a baki. Ina kyautata zaton ɗaya ya faɗi wajen ɗauko kaya, ko ya cinye har ƙarfe ya huda shi. Rashin murfi ɗaya kaɗai yana rage wa ƙafa milimita 2 ko 3, ga rawa, ga zane. Ki auna faɗin bututun ki sayi sababbi, ki canza duka huɗun a lokaci guda don su zo kai ɗaya. In bayan haka akwai sauran giɓi, ki sami irin murfin da ake sa wa ƙafa kamar safa, ki jefa washa ɗaya ko biyu a cikinsa kafin ki sa. Cikon yana ɓoye a ciki, ba ya gudu, kuma washar tana hana bakin bututun yanka robar. Idan ƙafar ce ta lanƙwashe, kada ki yi ta bugu da guduma a ɗaki, kai wa mai walda ya miƙe ta ya duba ɗinkin.

TAMBAYA

Baba, gadon yara ne mai hawa biyu. Gefe ɗaya na ɗakin ya yi ƙasa sosai, kusan yatsa biyu, sai na sa gutsuren bulo a ƙarƙashin ƙafafun. Ya isa?

Daga mahaifin yara uku.

AMSA

Ɗan'uwa, a daren yau ka sauko da katifar sama ƙasa, yaro ya kwana a nan har ka gyara. Gado mai hawa biyu dogo ne, ɗan motsi a ƙasa babban motsi ne a sama, kuma yara ba kwanciya kawai suke yi a kai ba, hawa suke da tsalle. Bulo yana marmashewa a ƙarƙashin siririyar ƙafa, ƙafar kuma ba abin da ke hana ta sulluɓewa daga kansa. Fara neman wani gefen ɗakin da ya fi lebur. In babu, duk cikon da ya wuce santimita 2 sai ya zama katako mai tauri guda ɗaya, ba tarin guntaye ba, faɗinsa ya ninka na ƙafar, a fafe masa gurbi mai zurfin kamar santimita 1 wanda ƙafar za ta zauna ciki, a manna roba a ƙasansa. Wajen yanka, a auna kaurin daga gindin gurbin, ba daga saman katakon ba. Sannan ka nemi izinin mai gidan ka ɗaure saman gadon da bango da ƙarfen kusurwa biyu, sukurun ya shiga jikin ginin sosai, ba filasta kaɗai ya kama ba. Kafin yaro ya sake hawa, ka kama ƙarfen kariyar sama ka girgiza da iya ƙarfinka, ka kuma taka tsanin da kanka mataki-mataki.